Saƙon "duk wanda na ɓata wa ya yafe min" bai isa ba

Assalamu alaikum Malam Edita. Dan Allah ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana akan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, kuma yanzu da muka shiga watan Sha'aban abin ya sake taso min. Tun shekaranjiya wayata bata huta ba, gurup ɗin ƴan uwa, gurup ɗin malaman makarantarmu, na ƴan ajinmu na sakandare, harda na matan layinmu da muke adashe tare, ko ina saƙo ɗaya ake ta turowa, wai azumi ya matso duk wanda na ɓata wa da sanina ko ba da sanina ba ya yafe min nima na yafe wa kowa. Haka ake yi in mutum zai tafi Hajji ko Umara, haka ake yi da safiyar Sallah. Ni ba cewa nake masu turawa basu da kyakkyawar niyya ba, nima na tura irinsa ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, kuma dalilin da yasa na zauna rubuta wasiƙar nan kenan, sabida na ga da idona inda saƙon nan ya kasa yi min komai.

Mu da muka taso a cikin birnin Kano muna yara mata muna da abin da muke cewa kunce. In kun saɓa da ƙawarki wajen carafke ko ƴar gala-gala, ko ta sayi alawa ta hana ki, sai ki harɗe yatsunki biyu ki miƙa mata kice kunce, ta sa hannu ta raba su, toh shikenan an shiga gaba kenan, harda cewa ki biya ni gyaɗar da na sammiki jiya. Abokiyar kuncena ta kullum ƴar gwaggona ce, taubashiyata, kakarmu ce ta ɗauko ta riƙo dan haka gida ɗaya muka tashi, wata huɗu ne kawai tsakaninmu. A rana ɗaya sai mu kunce sau biyu. Kakarmu Allah ya jiƙanta bata taɓa tsayawa tambayar waye ya fara ba, in ta ga mun juya wa juna baya sai kawai ta ciko bokiti da jiƙaƙƙen gero tace ku kai min inji, ɗaya ta riƙe nan ɗaya ta riƙe can, bokitin yafi ƙarfin mutum ɗaya dole sai kun daidaita tafiya, kafin mu kai bakin layi wata ta ce ke sauke mu huta, kafin a gama niƙan muna ta dariya mun manta ma akan me muka ɓata. Da daddare kuma kwanon tuwo ɗaya ne, babu inda za ki kai fushinki.

Yaro baya riƙo, wannan gaskiya ne, sabida bashi da wani girma da yake karewa kuma baya lissafin me mutane za su ce in shi ya fara magana. Amma akwai wani abu da aka koya mana a lokacin wanda sai da na girma na gane illarsa. A gidajenmu ƙarami ne yake bada haƙuri. Yayanki ya zo ya make ki haka kawai, kika rama da baki, ke za a ce ki durƙusa kice yaya yi haƙuri, shi kuma iyakaci a harare shi a ce kai ma ka daina. Mun taso da sanin cewa bada haƙuri aikin na ƙasa ne, alama ce ta an fi ka, dan haka kowa yana jiran ranar da zai girma ya daina.

Ina da shekara tara ko goma Babanmu ya nemi naira ashirin ɗinsa, ƴar Murtala guda, ya rasa, kuma a lokacin kuɗi ce mai auki. Ni na share ɗakinsa da safen nan. Ya kira ni ya tambaye ni nace wallahi ban gani ba, ya ce rantsuwa ma kike yi, ya zare bulala ya zane ni a tsakar gida gaban ƙannena da yayyena da matan gidan, har yau ina tuna yadda ƙanina yake leƙe ta bayan randa. Washegari Innarmu zata yi wanki ta zazzage aljihun babbar rigarsa sai ga kuɗin a ninke. Ta kai masa, ina jin su daga ɗaki, bai ce komai ba. Da magariba ya dawo da tsire a ƙunshe a takarda, ya kira sunana ni kaɗai ya ajiye a gabana yace ungo. Inna tace baki iya godiya bane, nace na gode Baba. Na ci tsiren ina kuka a hankali dan kar ya ji.

Yanzu da na girma na san tsiren nan shine ban haƙurinsa, iyakar abin da tarbiyyar da shima ya samu ta bar shi ya yi kenan, kuma Allah ya sani na daɗe da yafe masa, mutum ne da ya sha wahala a kanmu, Allah ya haskaka kabarinsa. Amma Malam Edita yarinya ƴar shekara goma bata iya karanta tsire. Abin da nake buƙata a ranar shine ya tara waɗanda aka dake ni a gabansu yace musu an ga kuɗin, ba ita ta ɗauka ba. Bai yi ba, dan haka shekaru bayan nan in wani abu ya ɓata a gidan sai in ga ido ya fara juyowa kaina, wani lokacin cikin wasa wani lokacin ba wasa ba, kuma har na yi aure bana yarda in shiga ɗakin kowa ni kaɗai.

Ku duba kalmar da muka fi amfani da ita ma. Yi haƙuri. Ita muke faɗa wa wanda aka yi wa rasuwa, ita muke faɗa wa almajiri in babu abin da za a bashi, ita mai shago yake faɗa in babu canji, kuma ita ɗin dai muke faɗa wa wanda muka ci wa mutunci. A cikinta babu inda mai laifi ya ce na yi laifi, aikin gaba ɗaya an ɗora wa wanda aka cuta, shi ne zai yi haƙurin. Wani ma ko ita ba zai iya furtawa kai tsaye ba sai yace a yi haƙuri, ko Allah ya baka haƙuri, ko kuma in na ɓata maka rai ka yi haƙuri, kamar bai san ya ɓata ɗin ba. Alhali Hausa bata rasa kalmomi masu nauyi ba, muna da na yi kuskure, muna da ban kyauta ba, muna da na zalunce ka, na tuba, ka yafe min. Waɗannan su ne suke maƙalewa a wuya, kuma su ne suke warkar da ciwo.

Ni kaina da aka yi wa, sai da na yi wa wata, kuma ba kowa bace illa taubashiyar nan tawa. Tayi aure a Bichi, wata rana ta zo gida muka kwana ɗaki ɗaya take faɗa min cikin amana cewa kasuwar maigidanta ta karye, wata uku bai iya kawo cefane ba, ita ce take sayar da kayan ɗakinta ɗaya bayan ɗaya tana rufa masa asiri, ko mahaifiyarta bata sani ba. Tace dan Allah ya tsaya tsakaninmu. Bayan kamar sati uku a wajen wani suna na faɗa wa wata ƴar uwarmu, a raina ina cewa ai dan a tausaya mata ne ko a samu mai taimakawa, amma gaskiyar magana daɗin hira ne ya ɗebe ni, ina so a san ni ce na san abin da wasu basu sani ba. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin wata ya ƙare ta isa kunnen uwar mijinta da faccalolinta, aka ce ta je Kano tana tallan talaucin ɗansu, mijin ya ji kunyar da ya kusa sakinta. Ta kira ni sau ɗaya tace na gode, ta kashe wayar, daga nan bata ƙara ɗaga kirana ba.

Shekara huɗu muna haka. In mun haɗu a biki sai gaisuwar nesa, ina kwana lafiya lau, kowa ta kama gabanta. Ni malama ce, na san hadisin da Manzon Allah (SAW) ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan uwansa sama da kwana uku, yace mafi alherinsu shine wanda ya fara sallama, na san wanda yake cewa ana bijiro da ayyuka ranar Litinin da Alhamis a gafarta wa bayi amma masu gaba a ce a jinkirta musu har sai sun shirya, duk ina karantar da yara su. Sai nake lallashin kaina da cewa ai ina yi mata sallama, kuma ai duk gabanin azumi ina tura mata saƙon neman yafiya, dan haka na fita. A shekara ta huɗu na tura kamar yadda na saba, irin wanda ake turawa mutum ɗari a lokaci guda, sai ga amsa ta shigo, layi ɗaya, tace wanne laifin kike nufi.

Wallahi na fi awa ɗaya ina kallon wayar. Sabida ta faɗi gaskiya, saƙon da na tura mata shi na tura wa mai kawo mana ruwa da hedimastanmu, babu sunanta a ciki babu sunan abin da na yi mata. Ranar Asabar na hau motar haya na tafi Bichi. Na sayi turmin atamfa na saka a jaka, sai da muka wuce Dawanau na tuna da tsiren Baba, nace a raina atamfar nan ba zata fito ba sai bakina ya gama aikinsa.

Ta shimfiɗa min tabarma a tsakar gida kamar baƙuwa, ta kawo ruwa a kofi, ta kira ni da cikakken sunana, ita da tun muna yara bata taɓa kirana da shi ba sai sunan tsokana irin na taubasai. Nace mata na zo ne akan maganar da kika bani amana na fitar, ni na faɗa, a wajen suna na faɗa, ga wadda na faɗa wa, na ci amanarki kuma na jawo miki abin da ya kusa kashe miki aure, ban kyauta ba, ki yafe min. Sai ta fara magana. Ta faɗa min ranar da uwar mijinta ta tara matan gida ta zage ta tas, ta faɗa min wata biyun da mijin yayi baya cin abincinta, da yadda ta yi ta rantsuwa ba a yarda ba, da yadda ta rasa wanda zata faɗa wa damuwarta sabida wadda take faɗa wa ɗin ce ta yi mata haka. Sau nawa bakina yana motsi in ce ai ba da niyya na yi ba, ina haɗiyewa, dan na gane in na faɗa na dawo kare kaina kenan. Da ta gama tace abu ɗaya nake so, ki shiga wajen Hajiya ki faɗa mata da bakinki cewa ban kai ƙarar ɗanta ba, amana na baki kika fitar. Wannan ya fi komai yi min nauyi, amma na tashi na shiga, na durƙusa gaban tsohuwar na faɗa mata, faccalolin suna bakin ƙofa suna ji.

Na ɗauka daga nan za mu rungume juna. Tace na ji, ki bani lokaci. Da gwaggo ta samu labari ta kira ta da faɗa, wai tunda ta tako har gida ai magana ta wuce, ke wace irin zuciya gare ki, nace gwaggo dan Allah ki ƙyale ta, ni na yi shekara huɗu kafin in zo, ba zan ce ita ta gama a yini ɗaya ba. Sai bayan wata bakwai, an kwantar da ɗana a asibiti, da safe na ɗaga kai na ganta tsaye da fulas ɗin kunu, ta zauna a bakin gado muka yi shiru, can tace na yafe miki duniya da lahira. Yanzu muna waya muna zumunci, tsokanar ma ta dawo, amma bata ƙara faɗa min sirrinta ba, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan. Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza a yaƙin Uhudu ya zo ya musulunta, Manzon Allah (SAW) ya karɓi musuluncinsa bai ɗauki fansa ba, amma ya nemi ya riƙa kau da fuskarsa daga gare shi. In mafi tausayin halitta ya nemi haka, mu wane ne da za mu ce wa wanda aka cuta dole sai komai ya koma yadda yake da.

Anan ne nake ganin mun fi yin zalunci muna kiransa sulhu. Mace ta yi yaji da kumburarren ido, miji ya turo abokansa biko da goro, shi ko zuwa bai yi ba balle ya faɗi abin da ya yi, iyaye su ce tashi ki bi su aure ibada ne haƙuri maganin zaman duniya. Yaya ya cinye gonar marayu, in sun girma sun yi magana a tara su a ce zumunci ya fi gona, ku yafe, gonar kuma tana hannunsa. Mafi muni a lalata ƙaramar yarinya, manyan unguwa su taru a zaure a ce a rufa asiri a yafe, ita ko tambayarta ba a yi ba. Ana jawo mana ayoyin yafiya, kuma gaskiya ne Allah yana son masu haɗiye fushi masu yafe wa mutane, amma a duba yadda abin ya zo a Suratun Nur, sai da aka fara wanke Nana A'isha daga ƙazafin da aka yi mata, gaskiya ta fito fili kowa ya ji, sannan aya ta 22 ta nemi Sayyidina Abubakar ya yafe wa Misɗahu, ɗan uwansa da ya sa baki a ƙazafin, ya cigaba da ciyar da shi, shi kuma ya amsa da kansa sabida yana son gafarar Allah. Wankewa ce ta riga yafiya. Malamai kuma sun faɗa sun nanata cewa in laifin haƙƙin ɗan Adam ne, nadama da dainawa basu wadatar ba sai an mayar da haƙƙin ko mai shi ya yafe da yardarsa. Ko jini ma, aya ta 178 a Suratul Baƙara dangin mamaci ta bai wa damar yin afuwa, ba maƙwabta ba. Shi yasa lokacin da gwamnatocin Zamfara da Katsina suka zauna sulhu da ƴan bindiga a 2019 muka ga hotuna ana musabaha, abin da ya tsaya min a rai shine matan da aka kashe wa maza a ƙauyuka, hukuma tana iya janye hukuncinta dan neman zaman lafiya, amma yafe jinin mijin wata ba a hannunta yake ba.

Ni aji uku nake koyarwa a firamare, kullum sai na raba faɗa akan fensir ko wajen zama, kuma da an tashi tara zaka ga waɗanda suka yi faɗan suna cin awara a leda ɗaya. Da can cewa nake kai bashi haƙuri, yaro ya ce yi haƙuri yana kallon gefe, shikenan. Yanzu na daina, sai in tambaye shi me ka yi masa, faɗa masa da bakinka, in fensir ka karya me za ka yi akai, shi kuma ɗayan in tambaye shi ka yafe ko sai anjima, kuma in yace sai anjima bana tsawata masa. Ba ruwana da waye babba waye ƙarami. Zangon da ya wuce na yi wa wani yaro tsawa mai tsanani na sa shi durƙuso akan ya yaga littafin wata, daga baya ta fito ba shi bane. Washegari bayan an gama addu'ar safe na kira shi gaban aji nace jiya na hukunta ka akan abin da baka yi ba, na yi kuskure, ka yafe min, ku kuma ku sani ba shi ya yaga ba. Ajin yayi tsit, yaron ya sunkuyar da kai yace ba komai Malama, muryarsa tana rawa. Wata abokiyar aikina tace min za ki sa su raina ki. Yau wata huɗu kenan ban ga raini ba, abin da na gani shine sati biyu bayan nan wata yarinya ta zo da kanta ba wanda ya kama ta tace Malama ni na ɗauki biron ki.

Dan haka roƙona ga ƴan uwa masu karatu kafin azumin nan ya kama, wanda zai tura saƙonsa na kowa da kowa ya tura, amma kowannenmu ya san sunayen da suke faɗo masa a rai lokacin da yake danna turawa, waɗannan ba saƙo suke jira ba. Iyaye kuma da malamai da yayye da mazaje, girmanku ba zai zube ba dan kun ce wa na ƙasa da ku ban kyauta maka ba. Ni bana na zauna na rubuta sunaye uku a bayan littafin darasina, na je wajen biyu, ɗaya ta yafe nan take ɗaya tace zata yi tunani, saura ta ukun tana Zariya, akwai kuɗin adashenta dubu goma sha biyar da suka maƙale a hannuna tun kafin ta tashi daga layinmu, na haɗa su a ambulan, ranar Asabar in Allah ya kaimu zan kai mata.

Na gode Malam Edita, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Daga wata malamar firamare,
Gwammaja, Kano.